FILIN MASU MOTOCI: Ba Kowane Baƙin Mai Ne Na Kowace Mota Ba

A wannan wata za mu taɓa wata gardama da ke yawan tashi a tashoshin mota da majalisun zango, daga Nima har Aboabo, wato shin motar da aka shigo da ita daga waje da wadda aka harhaɗa a nan Gana baƙin mai iri ɗaya suke sha, ko kuwa kowace da nata?

A da ba a yin wannan tambaya, domin yawancinmu ba mu san wata mota ba sai hom-yus da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema. To amma abubuwa sun canja. Kantanka ya kafa masana'antarsa a Gomoa Mpota, Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Akara a 2020, Toyota ya fara haɗa Hilux a Tema a 2021, Nissan kuma ya biyo baya da Navara a 2022.

Amsarmu ita ce, inji bai san ƙasa ba. Abin da ke yanke irin man da za a zuba masa shi ne yadda aka ƙera shi, kuma wanda ya ƙera shi ya rubuta hakan a littafin motar. A yawancin motocin Amurka ma an rubuta a kan murfin da ake buɗewa a zuba man.

Lambobin nan da muke gani a jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30 ko 0W-20, kauri suke nunawa. Ta farko tana nuna saurin gudun man sa'ad da inji yake da sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi har awo 100 a ma'aunin Salsiyas. Tsofaffin injuna, irin na Benz 207 da aka sani a aikin turoturo, mai kauri suke so, kamar 15W-40 ko 20W-50. Amma Corolla ko Camry ko Civic na shekarun baya-bayan nan da aka yi domin kasuwar Amurka, yawancinsu 0W-20 ko 5W-20 aka rubuta musu. Hanyoyin mai a cikinsu ƙanana ne, kuma da ƙarfin man ne na'urar da Toyota ke kira VVT-i take daidaita buɗewar bawul. In aka ɗura musu mai kauri, da safe sai ya yi jinkirin isa saman inji, a lokacin nan kuwa ƙarfe ke cin ƙarfe, ga kuma ƙarin shan fetur.

Sau da yawa za ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, ƙasarmu da zafi, wannan mai ruwa-ruwa na Turawa ne." Maganar tana da daɗin ji, amma a lura, injin da lagiretonsa ke da lafiya zafinsa yana tsayawa ne wajen awo 90 zuwa 100, ko a Tamale yake ko a Toronto. Wasu littattafan sun yarda a ƙara kauri kaɗan a ƙasashe masu zafi, misali 5W-30. Wannan daban yake da tsallakawa zuwa 20W-50 kai tsaye.

Inda bambanci na gaskiya yake shi ne lokacin yin juye. Motar da aka haɗa a nan ana sayenta sabuwa, da garanti, da takardar sabis da ke faɗin ranar komawa. Wanda ya tsallake sabis ko ya zuba man da ba a rubuta ba yana iya rasa garantinsa. Ita kuwa hom-yus ba mu san irin riƙon da aka yi mata a can ba, saboda haka ranar da ta shigo hannu a juye man, a canja filta, a fara sabon lissafi.

Sannan a kula, agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil 5,000 daidai yake da kilomita 8,000. Toyota a Amurka ya yarda yawancin motocinsa masu shan 0W-20 su yi mil 10,000 ko shekara guda kafin juye, amma shi da kansa ya ce in ana bin hanya mai ƙura, ko inji na yawan aiki mota na tsaye, a rage zuwa mil 5,000 ko wata shida. To wanda ke kwana cikin cunkoson Kaneshie da Kejetia, ga ƙurar hunturu, ai ya san layin da yake.

Masu motocin dizal na Turai da ke da matatar hayaƙi ta DPF su nemi man da aka rubuta musu, irin su ACEA C3, don kada matatar ta toshe. Masu giyar CVT kuma kada su yarda a zuba musu man otomatik na gama-gari.

A ƙarshe, a guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, domin ba a san asalinsa ba. A sayi galan mai hatimi a gidan mai ko shagon da aka amince da shi, a tsaya a ga an buɗe shi an zuba, a rubuta ranar da lambar agogo. Duk wanda ya taɓa zagaya Abossey Okai ko Suame Magazine neman inji ya san kuɗin galan goma bai kama ƙafar kuɗin inji ɗaya ba. Ga ɗan tasi kuwa, kowace ranar da mota ta kwana a gareji cefanen gida ne ya tsaya. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.