Bayan Arba'in, Wa Ke Tambayar Maijego?

Duk wanda ya tashi a garin Bauchi ya san yadda ake hidimar haihuwa. Ranar suna gida yakan cika maƙil da 'yan barka. Idan haihuwar fari ce, yarinya kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, inda za a yi mata wankan jego na kwana arba'in, a dama mata kunu, a gasa mata nama. Likitoci sun daɗe suna jan kunne game da yawan kanwa da ruwa mai tsananin zafi, kuma da gaskiyarsu. Amma manufar al'adar tana da kyau: kada a bar mace ita kaɗai a lokacin da ta fi rauni.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan arba'in. Kowa ya watse, maijego ta koma ɗakinta da jariri mai kukan dare, ga wani yaron da bai daɗe da yaye ba, ga girki da wanki. A Jahun ko Yelwa, sau da yawa mijin ya fita kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal tun da sassafe, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, shi ma kansa ya ɗau zafi saboda tsadar abinci da ta ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: kuka ba dalili, rashin barci ko da jariri ya yi barci, ƙin abinci, da jin cewa ita ba uwar kirki ba ce. Mu kuwa me muke cewa? Wasu su ce raki ne, wasu su ce aljanu. Mafi tausayinmu ya ce, "Ki yi haƙuri." Haƙuri abu ne mai daraja, amma ba a ce wa mai zazzaɓi ya yi haƙuri kawai, asibiti ake kai shi. Uwar da hankalinta ya tashi kuwa ba ta iya yi wa jaririnta wasa da hira yadda ya kamata, kuma daga wannan hirar ce yaro ke fara koyon magana. A matsayina na malamin harshe, wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da sashen masu wannan lalura. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin maijego, kuma kunya kan hana mace zuwa sashen, don kada a ce ta haukace.

A ganina, wurin farawa shi ne ranar rigakafi. Uwa takan kawo jariri asibitin unguwa yana da mako 6, da 10, da 14. Ana auna yaron, a yi masa allura. Me zai hana ma'aikaciyar ta dubi uwar ta ce, "Ke fa, kina samun barci?" Haka nan kaka da 'yar raino da ke ɗaukar goyo yini guda, su ma a tambaye su. Miji kuma ya karɓi jaririn na awa ɗaya bayan magariba, matarsa ta ɗan runtsa.