Bayan Garwa: Laifin Mai Koyarwa Ne Shi Kaɗai?

Duk wanda ya san mutumin Nijeriya ya san ba ya ɗaukar ƙwallon ƙafa da wasa. Ranar da ƙungiyar ƙasa za ta buga, ɗan kasuwa kan rufe rumfa tun da sauran rana, direba ya ajiye mota, mai shayi ya ƙure muryar rediyo, a taru a yi cincirindo gaban talabijin. A wannan sa'a babu Bahaushe, babu Bayarabe, babu Ibo. In aka ci, kowa ya ce “mun ci”. Amma in aka sha kashi, nan take sai magana ta juya, a ce “ya kashe mu”, kuma wanda ake nufi shi ne mai koyar da 'yan wasa.

Abin da ya faru a Garwa ta ƙasar Kamaru cikin watan Janairu na 2022 ya isa misali, kuma har yanzu akwai darasi a cikinsa wanda ba a ɗauka ba. A can ne Super Eagles ta yi wasanninta na Gasar Kofin Afirka. Garwa kuwa maƙwabciyar Yola ce, ana jin Hausa da Fulatanci a kasuwanninta, saboda haka 'yan kallo suka yi ta tsallaka iyaka, filin wasa ya zama kamar a gida ake. Aka ci Masar ɗaya da nema, aka ci Sudan uku da ɗaya, aka ci Gini Bisau biyu da nema. Babu wata ƙasa da ta cinye wasanninta uku na rukuni in ban da Nijeriya. Augustine Eguavoen, wanda aka ba riƙon ƙungiyar, ya zama ɗan lele, har ana cewa ga ɗan gida ya yi abin da Bature ya kasa.

Ranar 23 ga watan aka gamu da Tunisiya, wadda da ƙyar ta fito daga rukuninta bayan Mali da Gambiya sun doke ta, ga cutar korona ta kama 'yan wasanta da dama, har da mai koyar da su. Minti biyu da dawowa daga hutun rabin lokaci Youssef Msakni ya auno ƙwallo daga nesa, ta taɓa hannun gola Maduka Okoye ta faɗa raga. Alex Iwobi ya shigo, bai daɗe ba alƙalin wasa ya ba shi jan kati. A haka aka tashi, ɗaya da nema. Kafin gari ya waye, bakin da ya yabi Eguavoen shi ne ke cewa bai san komai ba.

To, a nan tilas a yi wa ɗan kallo adalci. Mutumin da ya kashe kuɗinsa ya hau mota daga Mubi ko Kano, ko wanda ya sayi man janareto don kada wutar lantarki ta yanke masa kallo, yana da ikon ya tambayi abin da ya sa aka yi haka. Kuma sukar da masana wasa suka yi a lokacin tana da tushe. Duk ƙarfin Nijeriya a wasanni ukun farko ta gefe yake zuwa, musamman ta wajen Moses Simon. Mutanen Tunisiya sun zauna sun duba wannan, suka sa mutum biyu-biyu suna tare 'yan gefen, hanya ta toshe. An yi minti casa'in ana buga ƙofa ɗaya wadda aka riga aka kulle, ba a nemi wata ba. Wannan aikin mai koyarwa ne, kuma faɗa masa haka ba cin mutunci ba ne. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Amma fa akwai inda sha'awa ke tsallake iyaka ta zama ɓarna. An bi Okoye, yaro mai shekara ashirin da biyu, da zagi da barazanar kisa, har da iyalinsa. Wasu kuma suka ce wai gaisuwar da shugaban ƙasa na lokacin ya yi wa 'yan wasa kafin wasan ce ta jawo rashin sa'a. Abin bai tsaya nan ba. Ranar 29 ga Maris na wannan shekara, da Gana ta yi kunnen doki ɗaya da ɗaya da Nijeriya a Abuja, ta hana ta zuwa Kofin Duniya na Katar, sai 'yan kallo suka ɓalle cikin fili, suka karya kujerun 'yan wasa, suka yayyage allunan talla, sai da 'yan sanda suka sa barkonon tsohuwa. Hukumar FIFA ta ci Nijeriya tara, ta kuma sa ta buga wasa guda ba 'yan kallo. Watau wanda ya ce kishin ƙasa ya sa shi fushi, da hannunsa ya ƙara wa ƙasar asara.

Sa'an nan akwai tambayar da masu zagi ba su cika yi ba: yaya aka yi Eguavoen ya sami kansa a kan wannan kujera? Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta sallami Gernot Rohr, Bajamushen da ya riƙe ƙungiyar tun 2016, a cikin Disamba na 2021, saura wata guda a fara gasa. Ko da a ce Rohr ya cancanci kora, an daɗe ana ƙorafi a kansa, me ya hana a yanke shawara tun da wuri? Ba a fafe gora ranar tafiya. Daɗin daɗawa, mutumin yana bin hukumar bashi, sai da ya kai ƙara FIFA ta sa a biya shi. Haka aka tafi Kamaru babu Victor Osimhen, babu Odion Ighalo, da mai koyarwa na riƙon ƙwarya wanda bai yi cikakken wata da 'yan wasansa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan hali ba sabo ba ne. A 1980 Otto Gloria, mutumin Brazil, ya kai Green Eagles ga cin Kofin Afirka na farko a Ikko, aka lallasa Aljeriya uku da nema, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Da Aljeriya ta rama a wasan neman zuwa Kofin Duniya a 1981, aka kuma fitar da Nijeriya tun zagayen farko a Libiya a 1982, sai aka manta da 1980, Gloria ya tattara kayansa. Marigayi Shu'aibu Amodu sau biyu yana samo wa ƙasar nan gurbin Kofin Duniya, na 2002 da na 2010, sau biyu kuma ana tsige shi kafin a tafi, duk da ya zo na uku a Kofin Afirka a shekarun nan biyu. Waɗanda aka kawo a madadinsa ba wanda ya ci wasa ko guda a can.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Clemens Westerhof ya zo a 1989. Wasansa na farko a Kofin Afirka na 1990 Aljeriya ta zuba masa biyar da ɗaya. Da an bi ta masu ihu, da ranar ya bar ƙasar. Aka ƙyale shi, ya zo na biyu a wannan gasa, na uku a 1992, ya ɗauko kofi a Tunisiya a 1994, ya kai Nijeriya Kofin Duniya karo na farko a Amurka. Senegal ma haka ta yi da Aliou Cisse: ta ba shi aiki a 2015, ya faɗi wasan ƙarshe a 2019, ba ta kore shi ba, shi ne ya ɗauki kofin Kamaru ɗin nan da Nijeriya ta bari a Garwa. Haƙuri shi kaɗai ba ya cin kofi, gaskiya ne, amma ba a taɓa ganin wanda ya gina ƙungiya cikin wata guda ba.

Me aka yi bayan Garwa da Abuja? Eguavoen ya sauka. An kawo Jose Peseiro, ya kai wasan ƙarshe a Kodebuwa a 2024, ya tafi. An naɗa Finidi George, bai yi wata uku ba ya ajiye. An ba da sanarwar ɗaukar wani Bajamushe, Bruno Labbadia, magana ta watse kafin ya iso. An sake komawa ga Eguavoen, sa'an nan aka kawo Eric Chelle a Janairu na 2025. A Nuwamba na wannan shekara, a birnin Rabat, 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda ba a biya su haƙƙinsu ba, kwanaki kaɗan bayan haka Kwango ta fitar da su a bugun fenariti. Kofin Duniya biyu ke nan a jere babu Nijeriya. Mutum uku suka jagoranci ƙungiyar a wasannin neman gurbi ɗaya, cutar kuwa tana nan inda take.

Saboda haka abin da ya kamata a yi a fili yake. Na farko, hukuma ta naɗa mai koyarwa bisa yarjejeniya sananniya, a faɗa masa abin da ake so ya cim ma da lokacin da aka ba shi, a kuma auna shi da wannan, ba da wasa guda ba. Na biyu, a biya shi da 'yan wasansa a kan kari, domin wanda kake riƙe wa albashi ba ka da bakin tuhumarsa. Na uku, duk lokacin da aka fitar da ƙasar daga gasa, shugabannin hukuma su fito su yi wa jama'a bayanin nasu aikin da kuɗin da aka kashe, kada su tura mai koyarwa gaba su laɓe a bayansa. Na huɗu, a hukunta duk wanda ya yi ɓarna a fili ko ya yi wa ɗan wasa barazana, kamar yadda za a hukunta shi in a kan titi ya yi.

Shi kuma ɗan kallo, kada ya rage sha'awarsa ko kaɗan, don ita ce ran wasan. Ya ci gaba da suka, amma ya san wanda zai soka da abin da zai soke shi a kai. Ihun “a kore shi” ya fi kowane ihu daɗi a kunnen masu ofis, domin da zarar an kori mutum ɗaya fushin jama'a ya kwanta, su kuwa suna nan kan kujerunsu. Ranar da mai shayi da direba suka fara tambayar wa ya naɗa shi, yaushe aka naɗa shi, an biya shi ko ba a biya ba, ranar za a fara gyara. Allah ya sa masu kunne su ji.