Manomi da kujerar majalisar jiha

Gaisuwa ga 'yan Ranuna, da na Ƙuba, da duk mai karanta mu daga Makka ko Jidda.

Yau siyasar gida za mu taɓa, amma kar kowa ya gudu. Mu da aka haifa a nan, in ana hirar Najeriya, daga shugaban ƙasa sai gwamna muka sani. Ka tambayi ɗayanmu wa ke wakiltar ƙauyen kakansa a majalisar dokokin jiha, wallahi sai ya hau susar ƙeya. Ba laifinmu ba ne gaba ɗaya. A Saudiyya 'yan Majalisar Shura su 150 sarki ke naɗa su, zaɓen da aka yi a 2005, 2011 da 2015 kuwa na majalisun baladiyya ne. Ya'ani ba mu tashi mun ga irin waccan kujera ba. Alhali ita ce ta fi kusa da gonar da iyayenmu ke tura riyal ana nomawa duk damina.

Ga misali. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda a lokacin har da Katsina a cikinta, a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Akanta ne da ya yi karatu a Landan, amma kuma mutum ne da ya riƙi noma sana'a. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. In ba ka sani ba, jangali kuɗi ne da ake karɓa a kan kowace saniya, haraji kuma a kan kowane baligi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Tambayi kakanka, zai ba ka labari.

To amma majalisar jihar a hannun NPN take. Duk sunayen kwamishinonin da ya kai mata, sai ta yi watsi da su, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige shi bisa zargin saɓa wa tsarin mulki, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne gwamnan farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Har gobe ana gardama a kan wa ke da gaskiya, kuma ba shari'ar nan na zo yankewa ba. Abin lura shi ne, manoma sun kafa gwamna da ƙuri'arsu, amma 'yan majalisa ne suka yanke ko zai zauna ko zai tafi.

Har yanzu ƙarfin nan yana nan. A tsarin mulkin 1999 kowace majalisar jiha tana da mambobi tsakanin 24 da 40. Ta Kano 40 cif. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, wato ta hannunsu kuɗin taki, gyaran madatsar ruwa da hanyar da za a fito da amfanin gona suke bi. Dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, su ne masu sa masa ido. Wanda ya taɓa sayar da masararsa da arha a kaka don ya biya bashin taki, ba sai an yi masa dogon bayani ba in ana muhawarar kasafin noma. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa. Na manomi ma haka.

Kuma doka ba ta hana shi ba. Karatun sakandare ake nema, da jam'iyyar da za ta tsayar da shi, shekaru kuma an rage su daga 30 zuwa 25 tun 2018. Abin da ke kayar da manomi shi ne kuɗin fam da hidimar zaɓen fid da gwani. Sai dai a kula: ba duk mai cewa shi manomi ne ya san fartanya ba. Wani gonar tasa a fosta kawai take.

Mu a nan ba mu da damar jefa ƙuri'a daga waje, gaskiya ne. Amma in baba ko yaya ya buga waya gida, ana jin maganarsa. Don haka aikin wannan mako mai sauƙi ne: nemo sunan mazaɓar ƙauyenku, da wanda ke kan kujerar, da sana'ar da yake yi kafin ya hau. In kun samo, ku tambayi baffanku na can ko ya taɓa ganinsa bayan zaɓe.

Ku rubuto mana abin da ya ce. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu.