Sharhi: Talauci ba dalilin barin daji ya ƙare ba ne

Duk lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, kuɗin kare gandun daji ne ake fara yankewa. Hujjar ba ta sauyawa: mutane na jin yunwa, itace da namun daji su jira. Tarihin gandun Great Smoky Mountains na Amurka ya nuna akwai kuskure a wannan lissafi.

A 1926 majalisar dokokin Amurka ta amince a kafa gandun a kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina, bisa sharaɗin gwamnatin tarayya ba za ta sayi ƙasar ba. Jihohin biyu da jama'a, har da 'yan makaranta, suka tara alƙawarin kusan dala miliyan 5, attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ƙara wasu miliyan 5. Sai tattalin arziki ya durƙushe a 1929. Masu alƙawari da dama suka kasa cikawa, kuɗi suka gaza, kamfanonin katako kuma na ci gaba da sara. Masu fafutukar gandun suka koma ƙofar gwamnatin tarayya.

A 1933, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ke zaune hannu rabbana, shugaba Franklin Roosevelt ya ware dala miliyan 1.55 don sayen sauran filayen. An kafa gandun a 1934, shi da kansa ya ƙaddamar da shi a 1940.

Abin lura shi ne yadda aka haɗa kare dajin da neman abinci. Shirin CCC ya ɗauki dubban samari marasa aiki, suka gina hanyoyi da gadoji a gandun. Kowane na karɓar dala 30 a wata, ana aika 25 ga iyalinsa. A 2024 fiye da mutum miliyan 12 suka ziyarci wurin, garuruwan kewaye na cin kasuwarsu. Da an jira sai arziki ya dawo, da kututture kawai za a tarar.

Amma aikin ya bar tabo. Iyalai fiye da dubu sun bar gonakinsu da kaburburan kakanninsu, wasu ba da son ransu ba. Gandun da aka kafa ba tare da shawarar maƙwabtansa ba yakan bar ƙiyayya mai daɗewa.

Nijar ba tarayya ba ce, amma tambayar iri ɗaya ce ke gaban hukumomin Yamai. Gandun W na fama da rashin tsaro. Gadabeji, a jihar Maraɗi, ya shiga jerin UNESCO a 2017, an kuma kai masa raƙuman dawa daga Kure a 2018, sai dai suna a takarda ba ya biyan masu gadi. Taimakon ƙasashen waje yana zuwa yana tafiya, kamar yadda alƙawuran 1929 suka watse.

Ya kamata gwamnati ta sa wa gandunan nan kaso tsayayye a kasafin kuɗi, ta ɗauki matasan ƙauyukan kewaye aikin gadi da dashe, ta kuma zauna da makiyaya kafin shata kowace iyaka. Saurayin da ya samu albashi a Dakoro zai yi tunani sau biyu kafin ya kama hanyar Agadas. Matasan birane da 'yan ci-rani na da hakkin tambayar nawa aka ware wa wannan fanni bana, da inda kuɗin suka shiga.