Ba Taurin Kai Ya Tsare Su a New Orleans Ba

Lokacin guguwar tekun Atilantika yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Duk wanda ya ce taurin kai ke hana mutane ƙaura idan an yi gargaɗi bai waiwayi guguwar Katrina ba. Sai 28 ga Agustan 2005, ana gobe za ta afka, magajin garin New Orleans Ray Nagin ya ba da umarnin ficewa dole. Kusan rubu'in gidajen birnin ba mota, ga ƙarshen wata, aljihu wayam, ina kuɗin masauki? Bas-bas na makarantu kuwa suna jere a ajiye har ruwa ya shanye su. Dubbai suka cunkushe a filin wasan Superdome, yayin da ambaliya ta mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin.