DAGA BAKIN DAKALI: Ina Dattijo Zai Kai Yininsa?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni kowane mako, in amsa wata takarda da ta zo mini daga Kaduna. Mai takardar tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, ya aje aiki. Abu biyu ya tambaya. Na fari, mutumin da ya saba fita da hantsi ya komo da la'asar, in an ce masa ya huta, ina zai kai yininsa? Na biyu, yana da wani akwati cike da tsofaffin hotuna, 'ya'yansa ba su ko dubansa, me zai yi da shi?

Kada mai karatu ya ɗauki tambayar fari wasa. Bisa ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci ya kan aje aiki in ya kai shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, wadda duk ta riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40. To, mai shekara 60 sau da yawa da sauran ƙarfinsa. Manomi da maƙeri ba su san wata ranar aje aiki ba, su kan rage kaɗan kaɗan, ɗa ya karɓi garma, uba ya koma ɓarar gyaɗa a inuwa yana ba da shawara. Amma akawu rana ɗaya a ke karɓe masa mabuɗin ofis. Jiya masinja na russuna masa, yau ko mai tambayarsa ƙarfe nawa babu.

Allah ya yi mana jinƙai da salla biyar, don ita ke yanka wa dattijo yini gunduwa gunduwa, har ya iya haɗiye shi. Ya fita Asuba, ya zauna wuridi har gari ya waye, ya komo ya sha koko yana sauraron rediyo. Sahun gaba na masallacin unguwa ya fi kowace rajistar ofis kiyaye wanda ya zo da wanda bai zo ba. Dattijo ya yi fashin Asuba kwana biyu, kafin Azahar za ka ga abokan sahunsa a ƙofar gida sun zo dubiya. Ga kuma suna, da ɗaurin aure, da jana'iza, waɗanda ba su ƙarewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin hantsi da Azahar, da tsakanin La'asar da Magariba. A dā wannan lokaci na zaure ne da dakali, ko gindin durumi a dandali. Yanzu fa? Sababbin gidajen birni ba su da zaure, sai doguwar katanga da ƙyauren ƙarfe. Itacen da a ke zama gindinsa an sare an kafa kanti. Titi kuwa babura sun mallake shi, mai sanda ba ya iya ƙetarewa sai da addu'a. Saboda haka dattijo ya kan shige ɗaki ya zauna gaban talabijin, gwiwa ta sage, hira ta ƙare, zuciya ta fara saƙe-saƙe. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba, har wanda ya haura shekara 65, ya kamata ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau tafiyar minti 30 sau biyar. A ina zai yi tafiyar?

Wani zai ce ai akwai lambunan shaƙatawa. Gaskiya ne. A Kaduna akwai lambun Gamji a bakin kogi, inda aka kafa gadar ƙafar nan ta Gwamna Lugga, wadda aka fara ginawa a Zungeru cikin 1904, daga baya aka ɗauko ta. A Kano akwai Gidan Zu, da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A Abuja akwai babban lambun Millennium, da Sarauniyar Ingila ta buɗe cikin Disamba 2003. Madalla da su. Amma irin waɗannan wurare na yawon Salla ne da rakiyar baƙo. Dattijon da ke ƙarshen gari ba zai biya kuɗin mota kullum don ya je shan iska ba, balle fansho ya kan yi nawa.

Abin da na ke roƙon ƙananan hukumomi da masu unguwanni ƙarami ne. Kowace unguwa a keɓe ɗan fili, ko kamar na gida biyu, a rubuta shi a takarda yadda wani ba zai wayi gari ya yanka ya sayar ba. A dasa darbejiya da maɗaci. A sa benci mai majingina, don bayan tsoho ba ya son dakali ƙwaƙƙwara. A daidaita ƙasa kada sanda ta zame, a ja famfo don alwala, a yi makewayi mai tsabta. Rashin makewayin nan shi ke tsare dattijai da yawa a gida, kunya ce ta hana su faɗi. A kuma ware gefe guda ga iyayenmu mata, waɗanda yawancinsu daga ɗaki sai tsakar gida sai makarantar Islamiyya.

Sai zancen akwatin hotuna, wanda shi ya fi ɗaukar hankalina.

Hoto ba tsohon abu ba ne ƙwarai. Cikin 1839 aka bayyana hikimarsa a Faransa. Cikin 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da 'yar kyamarar da kowa zai iya riƙewa. Wani injiniyansu kuma shi ya ƙera kyamarar farko marar fim cikin 1975, ga shi irin wannan hikima ce ta karya kasuwar fim, har kamfanin ya kai kansa kotu cikin 2012 don bashi ya yi masa kanta. Mu nan, wayar hannu ta yaɗu daga 2001, ba a daɗe ba kowane yaro ya zama mai hoto.

Masu shekaru sun tuna yadda abin ya ke a dā. Ba a ɗaukar hoto sai da dalili: ranar Salla, ko gama makaranta, ko fasfon aikin Hajji, ko alhaji ya sauka da makawiya a ka. A yi wanka, a sa babbar riga, a tsaya ƙyam kamar an kafa sanda, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Gida guda ba ya tara hoto ashirin, amma kowanne an san labarinsa. Yau jika na da dubu a waya, ranar da ɓarawo ya fizge ta a kasuwa shi ke nan, duk sun bi ruwa.

Na san akwai malamai masu tsoron Allah da ba su yarda da hoto ba, suna kafa hujja da hadisan da suka hana suranta abu mai rai. Waɗansu kuma sun ce hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi ke nunawa. Cikin masu wannan ra'ayi akwai Shehu Muhammad Bakhit, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu cikin 1935, har ya wallafa ɗan littafi a kan halaccinsa. Filin nan ba zauren fatawa ba ne, kowa ya bi malaminsa. Iyaka in mahaifinka ya ce ba ya so, kada ka ɗauke shi a ɓoye kana dariya. Suratul Isra'i ta yi horo da kyautata wa iyaye musamman in tsufa ya cim musu. Ina wannan horo ga mai ɗaukar tsoho yana kwance asibiti ba riga, ko gawarsa a makara, ya watsa a WhatsApp da Facebook wai yana neman addu'a? Addu'a ba ta bukatar hoto. Wannan tonon asiri ne, a bari.

Ga amsata ga malam mai akwati. Abokan gāban hoto uku ne: gara, da laimar damina, da rana. Ɗaga akwatin daga ƙasa, kada ya jingina da bango. Hoton baƙi da fari ya fi daɗewa, don da sinadarin azurfa a ke yinsa, mai launi kuwa rini ne, shi ya sa na shekarun 1970 da 1980 suka koma jajaye. Kada a liƙe su da gam, kada a gasa su cikin leda. Amma babban aiki shi ne rubutu. Juya bayan kowane hoto ka rubuta da fensir, ban da biro don tawada ta kan huda: wane ne wannan, ɗan wa, a wane gari, wace shekara. Wanda ka manta, kai wa uwargida ko gwaggo, don mata sun fi mu riƙe salsala. Na ga gidajen da aka raba gādo, aka iske hotuna jibge, ba wanda ya san ko mutum ɗaya a ciki, aka ba yara suka yi wasa da su.

Kada kuma ka yi aikin kai kaɗai. Kira jika mai waya, kai kana faɗi yana rubutawa, ya ɗauki kowane hoto gaba da baya ya aika wa dangi na Legas da Yamai da Jidda, don in wani ya ɓatar wani na da shi. Yaron da ba ya iya zama da kai minti biyar zai yi awa guda in ya ga kakansa da gashi baƙi wuluk a kan keke, ya tambayi wane ne wannan na gefe, daga nan ya ji sunan ƙauyen da bai taɓa takawa ba.

Ina roƙon masu karatu, duk wanda unguwarsu ke da irin filin da na ambata, ko a ke shirin yanka shi, ya rubuto ta hannun Edita ya faɗi sunan garin da yadda a ke ciki, in kawo a wannan fili.

Haza wasalam.

Naka,
Mai Zaman Dakali