RA'AYI: Mai son riƙe ragamar lokacinsa ya koyi layin umarni

A watan Mayun 2020 kamfanin Microsoft ya rufe Wunderlist, manhajar tsara ayyuka da ya saya a 2015, masu amfani da ita suka kwashe komatsansu suka nemi wani masauki. A ƙarshen 2023 kuma Evernote ta taƙaita wa masu amfani da ita kyauta adadin rubutu zuwa 50 kacal. Wanda ya ajiye tunaninsa da jadawalinsa a rumbun wani, sai da izinin mai rumbun zai ɗiba, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mafita tana nan a layin umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so da haruffa. A 2006 Gina Trapani ta fito da tsarin todo.txt: fayil ɗaya na rubutu zalla, kowane layi aiki ɗaya, harafin A a farkonsa na nuna shi ne mafi muhimmanci. Taskwarrior na karɓar sabon aiki da umarnin "task add", ya jera ayyuka bisa gaggawarsu. Ɗan'uwansa Timewarrior na fara ƙirga lokaci da "timew start", ya tsaya da "timew stop", sannan ya nuna sa'o'in da kowane aiki ya ci. Dukkansu kyauta ne, bayanan kuma na zaune a kwamfutar mai su.

Wannan ya fi shafar ma'aikaci a Najeriya, inda hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, yawancin manhajojin waje kuma da dala ake biyansu. Mai fassara ko mai rubuta manhaja da ake biya bisa sa'a yana buƙatar lissafin da zai buɗe ko da sabis ya ɗauke, domin da shi zai kare haƙƙinsa gaban wanda ya ba shi aiki.

Masu suka na cewa hanyar tana da wuyar koyo, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Baƙin allo na razana sabon shiga, sannan idan kwamfuta ta lalace babu kamfanin da zai dawo da fayil, sai kwafin da mutum ya ajiye da kansa. Sai dai umarnin da ake buƙata kullum ba su wuce biyar ko shida ba, mai wayar Android ma zai iya gwada su ta manhajar Termux.

Ya kamata sassan koyar da kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha su sa wannan cikin darussan shekarar farko. Ɗalibin da ya iya rubuta ayyukansa a fayil ɗaya, ya kuma san inda ya ajiye kwafinsa, zai buɗe shi bayan shekara 20 ba tare da ya nemi izinin kowa ba.